Ruwan Mai Mangala

An kore ni daga aikin jirgin ƙasa a kan ruwa. Aka ce ban cika tanki ba, tukunyar jirgi ta bushe, tururi ya ƙone mutum. Mutumin ɗan Darki ne, kuma shi ya samo mini aikin. Ya rasa ido ɗaya, hannunsa na dama bai sake miƙewa ba. Na yi shekara wajen talatin ban san ko ni na yi masa haka ba.

Ni ɗan Wudil ne. Sana'ar gidanmu ɗibar yashi a bakin kogi, mu kai wa masu gini a kan jakuna. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Shekarar da fari ya yi tsanani gini ya tsaya. Jakunanmu biyu suka mutu, muka sayar da na uku muka ci. Na binne ɗa guda a shekarar. Ina zaune a kasuwar Juma'a, ba saye ba sayarwa, wannan mutumin Darki ya gan ni. Ya girme ni da kamar shekara goma, akwai zumunci ta wajen uwa, Yaya nake ce masa. Fayaman ne a Kano, wato mai zuba wa jirgi kwal a wuta. Ya ce in biyo shi, na bi shi.

Lebura aka ɗauke ni. In kwashe toka daga rami, in loda kwal, in ba jirgi ruwa. Kwana ukun farko ban yi aikin kirki ba, kallo na yi ta yi. Manyan kawunan jirgi masu zuwa Nguru da Zariya har Ikko, kowanne da wani tarago manne a bayansa, ruwansa da kwal ɗinsa a ciki. Guzurinsa ke nan, janye yake da shi duk inda za shi. Sai wata ƙarama, baƙa, gajeruwa, ba ta jan komai nata. Jirgi namiji ne a bakin kowa, amma wannan "ita" ake ce mata, ban san dalili ba. Ruwanta a jikinta yake, cikin dogayen tankuna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tukunya a tsakiya. Kwal ɗinta na cikin wani akwati a bayan ɗakin direba. Ba ta zuwa ko'ina. Aikinta shantin: ta turo wannan tarago, ta janye wancan, ta jera su a layi, babban jirgi ya zo ya tarar an haɗa masa kaya. A kanta Yaya yake aiki.

Da na gan ta na ce ai wannan mangala aka ɗora mata, irin wadda muke rataya wa jaki, yashi dama yashi hagu. Leburori suka kwashe da dariya. Daga ranar ta zama Mai Mangala, ni kuma mai jaki.

Ranar da aka fara sa ni ba ta ruwa na yi abin da aka daɗe ana ba da labari. Famfon wani dogon ƙarfe ne a tsaye gefen layi, da hannu mai juyawa da tiyo a bakinsa. Yadda take tsayawa, kullum yana hagunta. Na hau, na buɗe murfin tankin hagu, na cika shi. Na ja tiyo zan kai dama, bai kai ba. Na sauko ina neman bokiti. Direbanta wani tsoho ne mutumin Lakwaja, kowa Baba Direba yake ce masa. Ya tambaye ni ina za ni da bokiti. Na ce ɗaya gefen zan cika, ba a yi wa dabba kaya gefe guda, bayanta zai ɓaci. Yaya ya yi dariya har ya zauna a kan kwal. Ya ce a riƙe ni, kada in tafi nemo mata dusa.

Baba Direba bai yi dariya sosai ba. Ya sauko ya ce in durƙusa. Can ƙarƙashin tukunya, tsakanin ƙafafu, ya nuna mini wani bututu mai kaurin cinyar mutum. Ya fito daga gindin tankin hagu ya shiga gindin na dama.

Ya ce, "Tanki biyu kake gani. Ruwa ɗaya ne."

Ya ce in na cika in dakata, ruwan zai sauka don yana tsallakawa wancan gefe, sai in ƙara. In ya daina sauka, duka biyun sun cika. Na koma sama na leƙa. Ya sauka kuwa, ya fi kamu guda. Ban taɓa ganin kayan da ke daidaita kansa ba.

Daga nan na zama mai tambaya. Ni ba mai magana ba ne, amma a kanta na dami mutane. Yaya ba shi da haƙurin amsawa, sai ya ce in ɗauki shebur. Baba Direba ne mai amsawa, in yana shan rake ko yana jiran sigina.

Na tambaye shi me ya sa ƙafafunta ƙanana. Shida ne, uku kowane gefe, da wani dogon ƙarfe da ya ɗaure su suna juyawa tare. Ya ce babbar ƙafa ta gudu ce, ƙarama ta ƙarfi. Ita ba ta da inda za ta da gudu. Na tambaye shi me ya sa ba a ba ta taragon guzuri kamar sauran ba. Ya ce mai shantin rabin yininsa da baya yake tafiya. In da tarago a bayanta, direba ba zai ga abin da zai dosa ba. Manyan kuma sai an ɗora su a kan faifai an juya musu fuska kafin su koma inda suka fito, ita ba ruwanta, gaba da baya duk ɗaya. Shi ya sa tagoginta huɗu, zagayayyu, biyu a gaba biyu a baya. Ya ce kuma ruwan ba don sha kaɗai yake jikinta ba. Nauyinsa ne yake danna ƙafafu a kan dogo. In tanki ya cika tana jan taragu da yawa ba gardama. In ya yi ƙasa sai ta fara santsi, ƙafafu su yi ta juyawa a wuri ɗaya, musamman da damina. Maganin santsi yashi ne. Akwai akwatinsa a jikinta, da ɗan bututu mai zuba shi a gaban ƙafa. A nan ne kawai na fi su sani. Na murza yashinsu a hannu na ce wannan da ƙasa a ciki, zai dunƙule. Ya dunƙule kuwa. Daga baya ni ke tankaɗe shi ina shanyawa.

Akwai wani farantin tagulla a gefenta da rubutu. Baba Direba ya ce a ƙasar Turawa aka ƙera ta tun bai fara aiki ba, aka kawo ta gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa, aka haɗa ta a Ikko. Ta yi aiki a bakin teku, ta yi a wajen haƙar kwal, da ta tsufa aka turo ta Kano. Ya ce irinta don wuri mai matsi aka fara yin su, inda dogon jirgi ba zai iya kwana ba. Ya taɓa ganin wata da aka kifa wa tankin a kan tukunya kamar sirdi, ya kuma ji labarin masu ɓoye ruwansu a ƙasa tsakanin ƙafafu. Na so in ga mai sirdin. Ban gan ta ba.

Ranar wanke tukunya na cusa kaina ciki. Ni a zatona kamar girki ne, wuta a ƙasa, ruwa a sama. Ashe wutar a cikin ruwan take. Ɗakin wutar ruwa ya kewaye shi, sama da gefe, zafin kuma yana bi ta wasu siraran bututai masu yawa da suka ratsa ruwan har zuwa bakin hayaƙi. Tururin ya taru a sama, a sake shi ya tura fistin, fistin ya tura ƙarfe, ƙafa ta juya. Muddin ruwa ya rufe rufin ɗakin wuta, lafiya. In ya sauka ya bar rufin a fili, ƙarfen zai yi laushi, tukunya ta fashe, ba wanda zai fita. Saboda haka aka toshe wata ƙofa a rufin da dalma. In ruwa ya janye, dalmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya yi gargaɗi. Akwai kuma ɗan gilashi a gaban fayaman mai nuna inda ruwa ya tsaya. Yaya ya fi kallonsa fiye da komai a duniya.

Abu ɗaya ne ban gane ba har yau. Ruwa daga tanki ba ya shiga tukunya da kansa, don tururin ciki ya fi ƙarfinsa. Akwai abin da ke tura shi, injekta, guda biyu, kowane tanki da nasa. Kuma da tururin ita wannan tukunyar yake aiki. Na ce wa Baba Direba, yaya abin da ya fito daga ɗaki zai dawo ya fi ƙarfin ɗakin, har ya shigo da baƙo? Ya ce shekararsa talatin yana buɗe shi, yana yi, bai tambaye shi ba.

Na yi shekara shida a kanta. Ana cikin haka jirage masu shan man dizal suka yi yawa. Gyaɗa ma ta ja baya. Aka daina kawo kayan gyaran masu tururi. Injektan hagu ya mutu, aka ce a yi da na dama. Wanke tanki da ake yi aka daina. Da damina ruwan famfo ja yake zuwa. Murfin tankin dama kuwa, tun da tiyo ba ya kaiwa, tsatsa ta daɗe da cinye shi, ba mai buɗewa.

Na lura da abu biyu. Na farko, ba ta ruwa ya daina ɗaukar lokaci. In cika, in jira, ya ɗan sauka kaɗan, shi ke nan. Na ɗauka aiki ne ya ragu, ba ta sha da yawa. Na biyu, in ta taho daga nesa sai in ga kamar ta ɗan karkata hagu. Kaɗan ne ƙwarai, wanda bai bi jaki ba ba zai gani ba. Na gaya wa Yaya, ya ce har yanzu ban warke daga ciwon jaki ba. Na gaya wa Baba Direba. Ya je gabanta ya tsaya, ya rufe ido ɗaya ya duba, ya ce sifirin ne, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan ƙafafu, ya gaji. Sifirin kuwa ya gaji, kowa ya sani. Na bar maganar.

Ranar da abin ya faru aiki ya yi yawa. Jirage biyu suka shigo a jere, helma, wato shugabanmu a wurin aiki, yana ta kai da kawowa yana cewa a yi sauri. Na ba ta ruwa da safe, na ƙara da hantsi. Bayan azahar ina cikin ramin toka na ji wani irin huci, ba mai ƙara sosai ba. Na ɗago na ga farin tururi yana fita ta tagoginta huɗu. Dalma ta narke. Lokacin Yaya ya buɗe ƙofar wuta ke nan, tururi da garwashi suka fito masa a fuska da hannu. Baba Direba ya jawo shi ƙasa, shi ma ya ƙone a tafin hannu. Aka sa Yaya a mota. Ni aka ce in koma rami, akwai jirgi yana jira.

Washegari helma ya kira ni. Ya ce injekta ya ja iska, an buga tankin dama an ji shi fayau, an buɗe ƙasansa ko moɗa ɗaya bai fito ba. Na ce na cika. Ya ce to ina ruwan? Na ce a duba na hagu. Ya ce an riga an janye ta zuwa layin matattu an zubar da abin da ya rage, kuma ba wanda ya tsaya aunawa, don ba bukata.

Ya ce, "Kai kanka an nuna maka bututun. In dama ba ruwa, hagu ba ruwa. Ko har yanzu jaki kake kora?"

Ya ce in ajiye shebur. Baba Direba yana wajen da hannu a naɗe, bai kare ni ba. Ban riƙe shi ba. Shi ma nasa aikin a bakin rami yake, bai kuma daɗe ba ya tafi garinsu.

Na je asibiti. An naɗe fuskar Yaya, baki kaɗai a waje. Na gaishe shi, ya amsa. Na ce Allah ya sawwaƙe, ya ce amin. Na zauna har la'asar, bai ƙara ba, ban ƙara ba.

Da a ce na tabbata na cika, da na haƙura da korar. Amma a ranar da safe aka aiko mini cewa matata ba lafiya a Wudil, hankalina ba ya jikina. Ina tuna ruwa ya kawo baki har ya taɓa yatsuna. To amma na cika tankin nan sau dubbai. Ruwan wace rana nake tunawa? In na ce na ranar ne, sai wani abu ya ce mini na jiyanta ne.

Na dawo Wudil. Na kori jakin wani, daga baya tifa ta kashe sana'ar, na koma lodin tifa. Wata ta kife da mu a hanyar Utai, mutum biyu suka mutu, ni na fita da karaya a cinya. Na yi gadi, na yi dakon shanu a kasuwa. Yaya ya koma Darki yana noma da hannu ɗaya, 'ya'yansa suna taya shi. Kusan duk Juma'a muna haɗuwa. Mu gaisa har ƙarshe, gida, iyali, gona, gajiya, ruwan bana. Bai taɓa ambatar jirgi ba, ni ma haka. In ya juya sai in ga gefen fuskar.

Wata rana na sayi tuluna biyu a wajen masu ginin tukwane, na huda gindinsu, na haɗa su da guntun tiyo. Matata ta ce tulu mai kyau na samu na ɓata. Na zuba ruwa a ɗaya, ya tsallaka. Na matse tiyon da igiya ya rage ƙofa kaɗan, na sake zubawa. Na hagu ya cika har baki, na dama da ɗan ruwa a gindi. Na bar su na tafi sallah na yi hira, na dawo na tarar sun daidaita. Wato in an bar Mai Mangala ta huta, ruwa zai lallaɓa ya tsallaka, ba wanda zai san da matsala. Sai ranar da aka hana ta hutu. Na gane abin zai iya faruwa. Amma tulu bai gaya mini ya faru ba.

Shekaru suka wuce. Wata ranar Talata wata babbar mota ta tsaya kusa da gada, taya ta fashe. Tsofaffin ƙarafa ta ɗauko. A saman kayan na hangi ƙafar jirgi, babba, irin ta masu zuwa Nguru. Na tambayi direban, ya ce daga Kano, an sayar da matattun jirage ana yanka su. Da asuba na shiga mota.

Wurin ya zama daji. Na wuce gawar manya uku, an fafe su. Ita tana can ƙarshen layi, wata bishiya ta fito ta ɗakin direba. An cire farantin tagulla, an cire duk abin da ke da haske. Ba a kai ga yanka ta ba. Mai yankan wani ƙato ne da baƙin tabarau da tukunyar gas, ya kai shekara arba'in. Na gaishe shi, na ce ina so ya yanka mini wani bututu a ƙarƙashin waccan. Ya ɗaga tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Baba, zinariya ka ɓoye a ciki?"

Na ce a'a.

Ya ce, "In ita ce, rabi nawa. Gas ɗin ba na gado ba ne."

Na ce masa ni na ba ta ruwa shekara shida, akwai abin da nake so in gani. Ya ce wa abokan aikinsa ga tsohon mijinta ya zo biko. Suka yi dariya. Amma ya ja tiyonsa ya biyo ni. Na sare ciyawa, na durƙusa da ƙyar saboda cinyar, na nuna masa. Ya kwanta ya yanka nan, ya yanka can. Guntun ya faɗo da nauyi, ya fi yadda bututu ya kamata ya yi.

Da ya huce na ɗaga shi na saita rana. Ban ga haske ba. Cike yake da laka, ta bushe ta yi tauri kamar gasasshen tulu. Na sa tsinke na lalubo wata 'yar ƙofa a sama, kara ba zai shiga ba. Na yi tunanin ko bayan an ajiye ta ne ya toshe. Amma tun ranar ba ruwan famfo da ya sake bi ta ciki, lakar kuma hawa-hawa take, ja a kan baƙa, ja a kan baƙa, kamar gaɓar kogi in ruwa ya janye. Damina da yawa ce ta tara ta. Na san laka.

Na roƙi guduma na fasa gefe guda don in ga abin da ya fara tare ta. A tsakiya akwai tsumma. Ya ruɓe, amma ana gane shi. Irin wanda ake raba mana ne na goge hannu da ƙarfe. Kowa yana da shi, direba, fayaman, masu gyara. Ni ma ina da shi, a kafaɗa nake rataya shi, kuma ni na fi kowa tsayawa a kan buɗaɗɗen murfin nan. Ban tuna na taɓa yar da nawa a ciki ba. Ban kuma isa in rantse ba.

Mai yankan ya ce in tafi da shi, ba zai auna ba.

Ban tsaya gida ba, na wuce Darki. Na samu Yaya a zaure yana ɓarar masara da hannun hagu, ya danne ta da gwiwa. Ya tsufa ƙwarai. Muka gaisa. Ya ce ba Juma'a ba, lafiya? Na kwance buhu na ajiye masa guntun a gabansa. Ya juya kai don ya kawo idon mai gani. Bai tambayi ko mene ne ba. Ya shafa bakin, ya ɗauki tsinke ya zura a ƙofar, ya zaro. Na gaya masa inda na samo shi. Na gaya masa maganar tsumman, ban rage ba.

Ya ajiye tsinken. Sannan ya ce, "Ashe ka cika."

Na ce, "Na cika, Yaya. Tsumman ne ban sani ba."

Ya ce tsumma ko na wa ne, ba shi ne magana ba. Ya ce shi bai taɓa sa tanki a ransa ba. Ranar, ya ga ruwa yana sauka a gilashi tun da sauran lokaci. Ya buɗe injekta ya ƙi, ya sake buɗewa ya ƙi. Abin da aka koya masa shi ne ya zubar da wuta nan take. Amma saura tarago huɗu su gama, helma yana tsaye yana kallonsu, sai ya ce a ransa za ta kai. Bai gaya wa Baba Direba ba sai da gilashi ya zama fanko. Da aka tambaye shi a asibiti, ya ce bai tuna komai ba. Daga baya ya ji an kore ni.

Ya ce, "Duk Juma'a sai in ce yau zan gaya maka. Sai mu gaisa."

Na ce to. Ban ji haushi ba, ban kuma ji daɗi ba. Abin da na tambaye shi shi ne tsawon lokacin da gilashi ya ɗauka daga rabi zuwa ƙasa, don na daɗe ina son in sani. Ya ce bai kai a sha kofin shayi ba. Na tambaye shi injekta, ko shi ya gane yadda yake yi. Ya ce shi ma bai gane ba. Aka kawo fura muka sha. Na taya shi ɓarar masarar har ta ƙare, na bar masa bututun na tafi neman mota.

Bayan nan mun yi shekara huɗu muna haɗuwa, kuma maganar jirgi muke yi, har mutane suna tashi su bar mu. Ya rasu da kaka, na je jana'iza.

Yanzu ina Wudil, a gidan babban ɗana, bayan kasuwar shanu. Na daina aiki. Ƙafar ba ta kai ni nesa da masallacin unguwa.